Tsakuwa a Cikin Murmushi

Uwata,

Bayan gaisuwa, ina fatan kina lafiya, karatun jinya na tafiya, ƙafar ma ba ta damun ki.

Amanarki na nan lafiya. Har yau bakina bai iya faɗin "akzolotil" ba, ni dai ƙadangaren ruwa nake gani, mai jan geza a gefen kai. Sunan Murmushi da kika raɗa mata ya dace. Ina bin takardarki: ruwa mai sanyi, nesa da taga, abinci kuma tanar ƙasa biyu kullum. Abu ɗaya na gyara. Shekara arba'in ina gini, ban taɓa barin ɗaki ba daɓe ba, sai ga akwatin gilashinki tsirara. Na wanke 'yar tsakuwa mai kyau na shimfiɗa mata. Sai kin gani!

Babanki mai ƙaunarki.

Uwata,

Ina gaishe ki. Kwana huɗu ke nan Murmushi ba ta ci ba. Cikinta ya kumbura, gezar ta koɗe, tana ta tasowa saman ruwa a karkace. Na kai ta wurin likitar dabbobi a bokitin fenti sabo, na rungume shi a ƙirji har muka isa. Ashe ita zuƙar abinci take yi, duk abin da ke kusa ya bi. Hoto ya nuna tsakuwa uku a cikinta. Likitar ta tambayi wanda ya zuba, na ce ni ne, na kasa ɗaga kai.

Yanzu tana cikin roba a wuri mai sanyi, an ce a jira. Abin da ya fi tsorata ni fuskarta ce. Ko tana shan azaba, murmushin na nan, ban san yadda zan gane ba.

Na tuna shekarar da kika kwanta da karayar nan, kika daina yi wa kowa magana sai ita. Tsoro nake ji ƙwarai.

Babanki.

Uwata,

Da fatan jarrabawa ta yi kyau. Za ki ga wasiƙa biyu a ambulan ɗaya. Waccan na riƙe ta kwana shida, wai don kada in ruɗa ki. Gaskiya tsoronki nake ji.

Tsakuwa biyu sun fito daga cikinta, na ajiye su a murfin kwalba. Na kwashe tsakuwar tas, gilashin ya koma yadda kika bar shi. Ta ukun ce babba, ta ƙi motsi. Likita ta ce ko a yanka, ko a ƙara jira, kuma kowanne na iya kashe ta. Ta ce in zaɓa kafin Litinin.

Na riga na yanke mata hukunci sau ɗaya ban tambaye ki ba. Ba zan sake ba. Ki kira ni, ko da zagina za ki fara.

Mai neman gafararki,
Babanki.