Man da Ka Ɗura wa Babur ɗin Baba

Auta,

Babur ɗin Baba ya mutu mini a tsakiyar titi da safen nan, Umma na bayana, za mu asibiti a duba ƙafarta. Saura ƙiris tifa ta bi ta kanmu. Na sa Umma a tasi, na turo babur ɗin gida, kai kuma kana ta sharar barci.

Bakanike ya zo ya kwance injin. Man da ka rantse mini sabo ka zuba makon jiya ya fito baƙi wuluk, da kauri kamar kwalta. Ni ina ta cewa tsufa ne ke baƙanta shi da wuri! Ashe wanda maƙwabci ya juye daga janaretonsa kake tacewa da safa, ka ɗura masa. Na ga safar a bayan tankin ruwa, kada ma ka fara rantsuwa. Kuma tawa ce, marar kunya.

Kada ka tayar da shi ko da wasa. Bakanike ya ce in aka sake, injin ya buga ke nan, kuma ka san shi kaɗai Baba ya bar mana.

Zan bi Umma asibiti. Ga wani ƙaton mutum nan a ƙofar gida, da hular kwano a hannu, wai ya zo ɗaukar babur ɗin da ka sayar masa jiya. Na ba shi kujera a bakin ɗakinka. Ka fito ka yi masa bayani.

Yayanka