Kabarin Yohanna Bai Kai Awo Ba

Daren Litinin, watan Sha'aban, garin Isa

Yau munka binne Yohanna, injiniyan gadar hanyar Sabon Birni. Shekara bakwai ina shugaban leburorinai. Mutumin Numan ne, Kirista ɗan cocin Luta. Bai taɓa sa hannu a tuwo ba sai ya tara iyalinai sun yi addu'a. Azahar na yi, shi ke fara cewa, "Sarkin aiki, ku aje diga ku tai salla."

Ni na haƙa kabarin da hannuna, siriri, irin namu na mai likkafani. Sai ga su da akwatin gawa. Ya ƙi shiga. Mutumin da ke auna komai sau biyu, na kasa auna mai makwanci. Akwati na cikin rana muna ta faɗaɗa rami, matatai Rahila na tsaye. Tac ce, "Baba, kada ka damu, ba ku saba ba." Da ma zagina ta yi, da ya fi min sauƙi.

Jibi za ta kwashe ɗiya su koma Numan. Duk garin ga babu wanda ya san addu'ar da ake yi mai. Za ni riƙa share wurin. Iyakar abin da na iya ke nan.