Iskar da ta Rage wa Sanusi

Anka, Jihar Zamfara,
9 ga Agusta, 2017.

Zuwa ga ƙanena Shafi'u,

Assalamu alaikum warahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya kai da iyalinka, Ya ba ka sa'ar jarrabawar da ka ce kuna ciki, Ya dawo mana da kai daga Indiya da abin da ka je nema. Mu nan sai godiya. Damina ta zauna, geron gonar mahaifinmu ya kai mini kafaɗa, ƙafar Inna ta yi sauƙi har tana zuwa barka da ta'aziyya ba sanda. Babur ɗina yana nan yana tari kamar yadda ka bar shi. Kwana shida ina neman layinka ba ya shiga, shi ya sa na ɗauki biro, ni da rabona da rubutu mai tsawo tun muna sakandare. Ɗan Gwaggo, Hafizu, zai ɗauki hoton takardar ya tura maka ta waya. Don Allah in ta iso ka ajiye littafi ka karanta ta har ƙarshe, domin ina cikin tashin hankali, kuma bayan Allah babu wanda zai iya fitar da ni sai kai.

Maganar ɗiyarka Raihana ce. Ka san yadda gubar dalma ta bar mana ita tun shekarar da muka baro Abare: shekararta goma sha biyu, amma ƙidaya ba ta wuce mata ashirin, ga farfaɗiya, ga yini guda sai ta yi shi ba ta ce uffan ba. Da ka zo hutun azumi ka zaunar da ita gaban tsohuwar kwamfutarka kana koya mata wasan harba kumbo, na yi maka dariya, na ce an tura ka karatun injiniya ka dawo mana da wasan yara. Na janye wannan magana. Na ga yarinyar da malamai uku suka sallama ta haɗa roka da hannunta, ta harba, ta karkatar da ita gabas sannu a hankali, har kumbo ya daidaita yana zagaya duniya, sannan ta dawo da shi da lema ya sauka lafiya. Ranar da ta fara yin haka ita kaɗai bayan tafiyarka, uwarta, matata Saratu, ta bar tukunya a wuta ta zo ta tsaya a bayanta, tuwo ya ƙone ba wanda ya yi faɗa. Wata biyun nan Raihana ta yi maganar da ba ta yi ba a shekara bakwai.

To amma kai ma da rigima kake, Shafi'u. Wasa yana zamansa lafiya, ka buɗe cikinsa ka yi ta ƙare-ƙare. Ka mayar da filin harbawa bayan garin Anka, wannan ya yi kyau. Ka cire sunayen Turawa daga 'yan sama-jannatin ka zuba namu, har Inna ka sa wa hular kwano, wannan ma mun sha dariya. Sai kuma ka ƙara cewa iskar shaƙa tana ƙarewa, in ta ƙare mutum ya mutu sunansa ya koma ja, ka kuma toshe hanyar komawa baya a sake gwadawa. Ina tuna ka kana shan kunu kana fahari, wai haka masu kumbon gaskiya suke yi, wai wasan da ba a mutuwa ba ya koyar da komai. Abin da ba ka gaya mini ba shi ne, da Raihana ta roƙe ka, ka rubuta mata sunan ƙanenta marigayi Sanusi a cikin jerin. Ba na zarginka, na san tausayi ne ya sa. Ita ta goya shi har ya rasu yana ɗan shekara biyu, kuma a duk rubutun duniya sunansa ne kaɗai take ganewa daga nesa.

Ranar Laraba da ta wuce da hantsi na dawo daga kai fasinja Bukkuyum, na tarar da ita tana ihu tana bugun tabarma. Ashe ta daɗe tana ajiye Sanusi ba ta taɓa ɗaukarsa ba, sai ranar ta sa shi a kumbo wai za ta kai shi ya ga wata. Ta yi sama da yawa, mai ya ƙare tun tana zagayen duniya. Kumbon ba ya faɗowa, ba ya gaba, sai dai ya yi ta kewayawa, ga hoton ɗan mutumin a gefen allo yana murmushi, ga lissafin iska a ƙarƙashinsa yana raguwa daga kwana uku. Da na lallashe ta ta ɗan natsu, ita da kanta ta harba kumbo na biyu mai kujera biyu don a ɗauko shi, ta kai shi har ya zama tsakaninsu kilomita talatin. Nan iliminta ya tsaya, domin ba ka koya mata yadda ake haɗa kumbo biyu ba. Sai ta turo mini kwamfutar ta ce Baba ya iya tuƙi.

Shekara goma sha biyar ina kabu-kabu, na ce wannan ai ba wani abu ba ne. Ga shi can gabana ina ganin alamarsa, na saita hancin kumbon a kansa na ba shi wuta. Shafi'u, talatin ta koma hamsin. Na ce ƙila wutar ce ba ta isa ba, na ƙara, sai ga ɗari da ashirin. Ina matsa masa yana guduna, ni ina hawa sama shi yana shigewa ta ƙasa, har alamar ta ɓace a bayan duniya. Na ƙone fiye da rabin man da yarinyar ta yi tattalinsa, ita kuwa tana tsugune a gefena tana kallon hannuna. Rashin sani ya fi dare duhu. Na rufe kwamfutar, gumi yana zuba mini kamar na yi noma.

Washegari na kai ta wurin wani mai gyaran waya a kasuwa. Ya jujjuya ta, ya ce matsala ce ƙarama, zai goge komai ya zuba mini sabon wasa har da na ƙwallo kyauta. Ban san lokacin da na fizge ta daga hannunsa ba, har mutane suka taru suna ba shi haƙuri. Daga nan na hau babur na tafi Gummi wurin Malam Tsoho, wanda ya koya muku kimiyya. Bai taɓa ganin wasan ba, amma bai yi mini dariya ba, Allah Ya saka masa. Ya ɗauki kara ya zana da'ira biyu a ƙasa, ƙarama cikin babba. Ya ce in tuna masu ɗawafi: na kusa da Ɗakin Allah yakan gama zagaye bakwai na saman bene bai yi uku ba. Ya ce duk lokacin da na ba kumbo wuta gaba, ɗaga kaina nake yi zuwa babbar da'ira, inda hanya ta fi tsawo kuma tafiya ta fi nauyi. In ina son in cim ma wanda ke gabana, sai in juya baya in rage gudu, in faɗa ƙaramar da'ira, in riga shi zagayowa. Na ce masa Malam, ban taɓa jin inda aka kamo mutum da taka birki ba. Ya ce a can sama haka Allah Ya tsara, sauri ne ke haifar da nawa.

Na dawo na yi yadda ya ce, zuciyata tana ƙi hannuna yana yi. Wallahi sai ga tazarar tana raguwa. Sai dai kowane zagaye yana cin lokaci, na yi ta danna maɓallin da ke gaggauta agogo, idona yana kan kilomita, na manta iska ma da agogon take tafiya. Na iso har kilomita biyu. Raihana ta miƙe tsaye tana kiran sunansa, Saratu ta fito daga ɗaki da gyale a hannu. Na gan shi da idona, ɗan fari yana walƙiya, sai na wuce shi kamar motar da ba ta tsayawa a tasha, domin ban san yadda ake daidaita gudu a tsaya kusa da shi ba, Malam ma bai kai nan a zanensa ba. Da na duba ƙasa, iska saura awa shida da minti goma, man da ya rage kuwa bai fi faɗin farce ba a ma'auninsa. Na lura agogon wasan ba ya tafiya sai kwamfuta tana kunne, don haka na kashe ta, na sa a ƙasan akwatin Saratu, na ce wa yarinyar hadari ya hana sola caji.

Yau kwana biyar ke nan, kuma Raihana ba ta cin abinci. Kunu take kurɓa sau biyu ta ture kofi. Ta ce ba za ta ci ba Sanusi yana can bai ci ba. Takan zauna a tsakar gida ta ɗaga kai sama har wuyanta ya ƙage, in aka fara ruwa sai an ɗauke ta cak. Ta faɗi sau biyu cikin kwana uku, ita da ta yi wata huɗu ba ta faɗi ba. Ma'aikaciyar asibiti ta ɗora ta a sikeli ta girgiza kai, ta ce maganin farfaɗiyar ba ya son cikin da ba komai, in aka kai mako a haka sai an kwantar da ita an sa mata ruwa. Inna ta karɓo rubutu, ta ce in jefa na'urar a rijiya kowa ya huta, ba a wasa da sunan wanda ya riga mu gidan gaskiya. Na gaya wa Raihana wasa ne, na rantse mata Sanusi yana Aljanna ba ya bukatar iska. Ta gyaɗa kai kamar ta gane, can sai ta tambaye ni ko saura awa nawa. Gaba kura baya sayaki: in na kunna, iska ta ƙare a gabanta, in na bari a kashe, ita ce ke ƙarewa a gabana.

Jiya ramin ƙarya ya ƙure. Ta tarar da wayata a jone tana caji. Ba ta yi kuka ba, da ma ta yi. Ta dube ni ta ce wancan karon ma Baba ya tafi da Sanusi a babur bai dawo da shi ba. Shafi'u, kana makarantar kwana lokacin, akwai abin da ban taɓa faɗa maka da bakina ba. Ni na riƙa kawo buhunan dutsen zinariya cikin gida don kada a sace mini a daji, ni na sa aka riƙa daka shi a turmin da ake daka musu hatsi, a tsakar gidan da suke rarrafe. Ranar da jikin Sanusi ya sanƙare na ɗaure shi a ƙirjina na kamo hanyar Anka, ruwa ya cika rafi, na tsaya jiran ya janye, a nan bakin rafin yaron ya cika. Ashe tana tsaye a ƙofar gida ta ga fitarmu, ta ga dawowata, shekara bakwai tana riƙe da abin ba ta faɗa ba. Na san ajali ba ya wuce lokacinsa, na kuma yi istigfari iya ƙarfina, amma ba zan iya sake dawo mata hannu wofi ba. Na dafa kanta na yi mata alkawarin zan kunna ranar Juma'a ta sama bayan an sauko daga masallaci. A kan wannan alkawari ta ci loma uku.

Wanda ya ɗaure kura shi ya san yadda zai kwance ta. Ina roƙonka don girman Allah da darajar iyayenmu ka rubuto mini, dalla-dalla kamar kana koya wa ɗan aji ɗaya, wane fayil zan buɗe, wane layi zan nema, wace lamba zan canza iskar ta ƙaru ko man ya dawo. In ka kulle wurin yadda kai ma ba ka iya buɗewa daga nesa, to ka zana mini yadda ake tsayawa kusa da kumbo: ina zan juya hanci, a kilomita nawa zan ba da wuta, daƙiƙa nawa zan riƙe. Kada ka ce ai abu ne mai sauƙi, na ji wannan daga bakina ranar Laraba. Hafizu zai kwana biyu a Gummi inda sabis ya fi ƙarfi yana jiran amsarka.

In kuwa ka duba ka ga awa shida da wannan ɗan man ba za su isa ba, kada ka ɓoye mini don ka kwantar mini da hankali. Abu ɗaya kawai za ka koya mini, yadda ka shigar da sunayen nan. Zan tura Raihana wurin Inna da safe, in goge na Sanusi daga cikin kumbon in mayar da shi jerin waɗanda ke ƙasa, in rubuta Mu'azu a wurinsa, in ce mata mun yi musanya ya sauko ni na hau. In iskar ta ƙare sunan ya koma ja, nawa ne zai koma. Ni dai za ta waiwayo ta gan ni zaune kusa da ita, in miƙa mata kwano ta ci.

Ka gaida mini matarka Zinatu da jaririya Ummukulsum, Allah Ya raya ta. Inna tana sa maka albarka, Saratu da Gwaggo Dija suna gaishe ku. Na ce wa Raihana ina rubuta wa Baffanta takarda, ta ce in gaishe ka, kuma ka yi sauri. Allah Ya sada mu da alheri.

Ni ne yayanka,
Mu'azu.