Tsatsa a Kwalba

Ƙanena,

Gaisuwa mai yawa. Ya iyali, ya ƙafar Gwaggo? Ni lafiya lau, ci da sha ba a magana, zaman ne ya ishe ni. Maƙwabci ke rubuta min wannan, na ce kada ya rage komai.

Ka san sana'ar ɗan naka da ya kawo ni nan? Fentin 'yan tankokin yaƙi da sojojin roba, wai ƙarti da gemunsu ke wasan yaƙi da su a kan tebur. Sai ya gama fenti tsaf, sannan ya ɗauko kwalba ya shafa musu tsatsa da taɓo, wai su yi kamar sun sha fama. A gabana, ni da na tsufa ina kankare tsatsa a jikin motoci!

Rannan da ya fita, na goge su tas, na sake musu fenti har suna ƙyalli. Yana dawowa ya dafe kai: "Baba, gobe mai su zai zo!" Na ce to ai sai ya gode. Tun ranar yake kulle ɗakin aikin. Ni kuwa haƙuri ba zan bayar ba. Sai dai in zauna bakin ƙofa ina shaƙar ƙanshin fenti, hannuna na ƙaiƙayi.

Don Allah kada ka bari a sayar da injina na feshin fenti. Ina nan tafe kafin hannun nan ya mutu.

Allah ya bar zumunci.

Yayanka