Yumɓun Uwata Bai Bushe Ba Tukuna

Zuwa ga Hajiya Shugabar gamayyar ƙungiyoyinmu na mata a Abuja,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwar ban girma, ina fata kina lafiya, ke da iyali da sauran shugabanni. Sunana Ladi, malamar firamare a Bwari, 'yar wannan gamayya tun muna taro a ajin aro. Na rubuto a fili ne don a ofis na faɗa har bakina ya gaji.

Uwata maginiyar tukwane ce a wani ƙauye gefen Ushafa. Ramin da take haƙar yumɓu, nan uwarta ta haƙa, nan duk matan unguwarmu ke haƙa. A al'adarmu maganar ƙasa ta maza ce, shi ya sa da masu gina rukunin gidaje suka zo, da dattawa suka zauna. Ba wanda ya tuna da ramin. Mata sai wayar gari suka yi suka ga turakun safiyo, masu awon fili. Ni na kawo muku kukan. Ni kuma na ce wa uwata ta kwantar da hankalinta, ina da mutane a birni.

Na farko. Wakilin kamfanin gina gidajen ya yarda ya zo ƙauye ya ji ta bakin mata kafin a kewaye filin, muddin gamayya za ta zo da murya ɗaya. Nan fa aka yi ta zama a gamayya. Lauyoyinmu suka ce maganin shi ne doka: a sa sunan mata a takardar fili, a ba mace kujera a majalisar gari. Matan ƙungiyoyin ƙwadago suka ce a'a, wannan faɗan mai kuɗi ne da talaka, dole a haɗa da leburori maza masu taya matan ƙauyen haƙa. Malamanmu na Islamiyya da matan zumuntar coci suka ce addini ya riga ya ba mace haƙƙin mallaka, a bi ta hannun liman da fasto, kada a haɗa mata faɗa da mazajensu. 'Yan matanmu masu zafin jini kuwa suka rantse ba za su zauna tabarma ɗaya da dattawan da suka sayar da filin ba, don a wurinsu mulkin maza shi ne tushen cutar.

Hajiya, wallahi kowa na da gaskiyarta. Na zauna ina gyaɗa kai ga kowace magana, don kowace ta taɓa inda ke yi mini ciwo. Ban ce ku daina saɓani ba, da saɓanin nan na koyi tunani. Amma rami ɗaya ne, kuma katafila ba ta jiran a gama muhawara.

Na biyu. Ranar zama da wakilin, a farkon damina, matan unguwa suka share gindin mangwaro, suka dama kunu. Uwata ta gasa 'yan tuluna ƙanana, tsarabar baƙin 'yarta. Ina riƙe da waya ina kallon saƙonni na shigowa, ana ta ja-in-ja kan ɓangaren da zai buɗe jawabi. Kowane ɓangare ya ce in ba shi ba, to a tafi ba da shi ba. Wakilin kamfani ya zo, ya sha kunu, ya jira har azahar, ya yi sallama cikin ladabi. Ko mota ɗaya taku ba ta iso ba. Uwata ta kwashe tulunan ta mayar ɗaki. Da ma ta zage ni, da ya fi mini sauƙi. Ba a jima ba aka kewaye filin da kwano, aka ajiye mai gadi.

Na uku, kuma shi ya hana ni barci. Abu ɗaya tak duk ɓangarorin suka yarda da shi: hoton uwata. Kafin a fara zaman nan kin turo mai hoto, ya sa ta ɗora tulu a ka, wai alamar nauyin da ke kan macen Afirka. Haba Hajiya! Mu Gbagyi, da kuke kira Gwari, a kafaɗa muke ɗaukar kaya. Kai yana da daraja a wurinmu, ba a ɗora masa lodi. Tsohuwar da ba ta taɓa yi ba tun tana yarinya, ta yi ranar, don kada ta kunyata ni gaban baƙo. Yau hoton na rataye a zauren taronku, kowane ɓangare na jawabi a ƙarƙashinsa. A ƙauye kuwa har yanzu tsararrakinta na yi mata tsiya, tana dariyar yaƙe.

Ga roƙona. A sauke wannan hoto, don Allah. Sannan, tunda ba a zuba tubali a kusurwar ramin ba tukuna, a nemi wakilin ya sake zama. Ban damu da wadda za ta buɗe jawabi ba. Lauya ta zo da dokarta, malama ta zo da ayarta, 'yar ƙwadago da leburorinta, masu zafin jini da zafinsu. In mota ɗaya ba za ta ɗauke ku ba, ku zo a huɗu. In an tashi, ku ci gaba da gardamar a hanya.

Uwata ta daina gini. Curin yumɓu ɗaya ya rage mata daga haƙar ƙarshe. Ta lulluɓe shi da buhu a bayan ɗaki, kullum da safe tana yayyafa masa ruwa don kada ya bushe. Ta ƙi taɓa shi, ta ce sai mutanen Ladi sun zo. Ni kuma har yau ban gaya mata abin da ya hana ku zuwa ba.

Allah ya ƙara miki lafiya da basira, ya haɗa kawunanmu ko da na wuni ɗaya ne, ya sa ku iso kafin uwata ta gaji da yayyafin.

Wassalam.

Taki cikin girmamawa,
Ladi, 'yar maginiya