Maƙoƙon Azeta bai warke ba, sauka ya yi

Zuwa ga yayan matata, Yaya Salfo, a Abijan.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyali. Mu nan garin Kaya sai godiya. Damina ta yi kyau, dawa ta nuna, kuma jikarka Poko ta haifi ɗa namiji, ƙato, mai kunnuwa irin na gidanku.

Yaya, an yi wa ƙanwarka Azeta tiyata a Wagadugu, kuma ta tashi. Na san ka aiko cewa kada wuƙa ta taɓa ta, domin mahaifiyarku ta rayu da maƙoƙo har ta tsufa. Na ji saƙonka, na kuma saɓa shi da idona buɗe.

Ka tuna bara da kumburin wuyanta ya ragu, muka ce maganin tsohon nan mai tsaga ne ya ci, har ka aiko a kai masa akuya. To, duk mun yi murnar banza. Abin bai warke ba, gangarawa ya yi cikin ƙirji yana ci gaba da girma a inda ido ba ya gani. Mu muna yabon wuya, ita kuwa tuwo ya daina wuce mata, sai koko. Ba ta iya kwanciya sai a jingine, numfashinta yana fito kamar ƙaramin tsuntsu. Da likita ya nuna mini hoton ƙirjinta, na ga maƙogwaron ya lanƙwashe gefe guda, ya matse kamar karan dawa da aka taka. Ya faɗa mana gaskiya, ya ce watakila sai an buɗe ƙashin ƙirji, kuma muryarta na iya tafiya.

Na ce mata mu jira izininka, kamar yadda aka saba. Ta harare ni, ta kira ni tsohon matsoraci, ta ce Salfo yana can yana shaƙar iskar teku da maƙogwaronsa lafiyayye, in yana son a bar abin, ya zo a ɗora masa. Ita da kanta ta dangwala yatsa a takardar likita.

Allah Ya taimaka, ta wuya suka jawo shi, ba a taɓa ƙashi ba. Da na ga girmansa sai da na nemi wurin zama. Muryar ta dushe da farko, yanzu ta dawo har ta fi ƙarfina. Jiya ta cinye tuwo da miyar kuka, ta ce wai surukarmu ta yi mata rowa. Na fita tsakar gida ina rawa, jikoki suna yi mini dariya.

Dattawan gidanku sun ce in kawo zakara da goro in ba da haƙuri, tunda na wuce maganarka. Zakara zan kawo, har biyu, amma na godiya ga Allah. Haƙuri kam ba zan bayar ba, Yaya. Da na jira ka, da takardar ta'aziyya kake karantawa yanzu.

Ka gaishe da Yaya Mamunata, da Isaka, da Tene da yaranta. Azeta ma tana gaishe ka, ta ce faɗan da ya rage nata ne, kuma da bakinta za ta yi maka.

Ni ne mijin ƙanwarka,
Rasmane Sawadogo