Gansakuka a Kwamin Kaka, Laifi a Kan Agwagi

Kawu Armiya'u, don girman Allah ka cece ni kafin ranar Alhamis.

Ba zan faɗi sunana ba. Ni dai jikan Malam Tambari ne na nan Dauran, kuma duk gari an san ni da tsokana. Kakan nan nawa yana da kwamin siminti a garkarsa, ya zuba tarwaɗa kamar arba'in, ba don sayarwa ba, don alfahari kawai. Kullum safiya sai ya ƙwanƙwasa ƙwarya a bakin kwamin, su taso, shi kuwa yana waige ko akwai mai kallo. Har cewa yake sun fi jikokinsa biyayya. Wagga magana ita ta tsaya mani a rai.

Sai na shiga lallaɓawa da rana in ya kishingiɗa, ina zuba musu dusa da sauran tuwo da ƙanzo, ina yi ina fito. Wata ɗaya cur. Ran nan ya tara abokansa, ya buga ƙwaryar har ta kusa tsagewa, ko ɗaya bai leƙo ba. Ni kuwa daga jikin darni na yi fito ɗaya tak, suka yo gefena a guje. Kawu, har ƙasa na kwanta don dariya. Shi ma ya dara, ya biyo ni da sanda wai na yi musu asiri. Bai san tuwo ne ba.

To yanzu ruwan ya koma kamar miyar kuka, gansakuka ta yi zare-zare a jikin siminti, kifin suna hamma a sama da asuba, biyu sun mutu. Kaka ya ɗora laifin a kan agwagin kakata Inna Saude, wai su ke shiga wanka a ciki. Ita kuma don a zauna lafiya ta ce a kai su kasuwar Shinkafi ranar Alhamis. Su bakwai, tun suna ƙwai take kiwonsu. Amaryata ce fa ta wasa, ita ke ajiye mani ƙanzon ma, ba ta san inda yake zuwa ba.

Abokina Sirajo ya ce in tsiyaya maganin feshin ciyawa kaɗan. Yaya zan kashe gansakukar nan ba tare da kowa ya ji ba?

Mai Fito, Dauran

Mai Fito, ka ɓoye sunanka ka kuma faɗi na kakanka da garinku. Allah ya shirya. Ni ma na yi dariya, ba zan ɓoye ba.

Maganin feshi kam kada ka kuskura, kifin zai fara kashewa. Gansakuka abu biyu take so: rana da ruɓaɓɓen abinci, kai kuma ka wadata ta. A daina ba kifin komai na kwana biyu, ba abin da zai same su. Daga nan sau ɗaya ko biyu a yini, gwargwadon abin da za su cinye nan take. Ka naɗe zaren gansakukar da sanda, ka kwashe dattin ƙasa. Ku zubar da kashi ɗaya cikin uku na ruwan ku ƙara sabo, ku maimaita bayan kwana biyu. Kada a kwashe duka lokaci guda. Koren ruwan a ba shuka, taki ne. Sannan a kafa rumfar zana ta rufe rabin kwamin.

Kakanka bai yi kuskure duka ba, kashin agwagwa ma yana ƙara wa gansakuka ƙarfi. Amma maganinsa ɗan shinge ne da kasko nasu na wanka, ba kasuwa ba.

Saura abin da kake gudu. Ruwan nan ba zai washe kafin Alhamis ba, don haka aikin ɓoye ba zai ceci agwagin ba, bakinka ne zai cece su. Ka fara da Inna Saude, ita aka ɗora wa laifinka. Sannan ku je wurin tsohon tare, kana riƙe da bokiti da zana. Wasan jika da kaka halal ɗinka ne, muddin ba wani ke biyan kuɗinsa da dabbobinsa ba. Sanda ɗaya ko biyu za ka sha, ka tsaya ka karɓa.

Allah ya washe muku ruwa, ya bar wa Inna agwaginta.

Kawu Armiya'u